A Auna Shi a Tsaye

Akwatin ne ya fara ɗaukar hankalina, ba ciwon ba, gara in faɗi gaskiya. Wani siririn akwatin katako ne, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. In an buɗe murfin sai ya miƙe tsaye, a jikinsa akwai wata kwalba siririya kamar sillen kara, cikinta da wani ruwa mai ƙyalli wanda daga baya na ji ana ce masa zaiba. Malamin asibiti ne yake zuwa da shi gidanmu ɗaure a bayan kekensa kowace Talata da hantsi, ya auna jinin surukina.

Shekarata biyu da aure a lokacin. Daga Danchuwa aka kawo ni unguwar Bolewa, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, sa'ad da gyaɗa take tashe, manyan motoci suna ta jidarta zuwa Kano. Mijina yana cikin masu sayenta, saboda haka in kaka ta yi, ya fi zama a Gadaka da ƙauyukan wajen fiye da gida. Gidan daga ni sai uwar mijina, wadda muke ce wa Iya, sai Baba, wato surukina. Iyayen Baba daga Barno suka zo, shi kuwa a nan Potiskum aka haife shi, kuma tun kafin a haifi mijina shi ne limamin ɗan masallacin da ke manne da zaurenmu. Ba wani babban masallaci ba ne, sahu uku ya cika shi. Amma Baba bai da gona, bai da rumfa a kasuwa, bai da wani abin da zai fito dominsa sau biyar a rana in ba gaban sahun nan ba.

Na same shi da ciwo ba ɗaya ba. Hannunsa na dama yana rawa in yana zaune, babban yatsa yana murza ɗan'uwansa kamar mai jan carbi alhali ba carbin. Fuskarsa ta daskare, ba ka gane fushinsa daga murnarsa. In zai yi tafiya sai ya ɗan tsaya kamar ƙafar ta manta aikinta, sa'an nan ya kama jan ta da ƙananan taku. Mu dai rawar jiki muke cewa. Sai da na tsufa jikata da ke aikin jinya ta ce mini sunan abin Fakinsan. Ga ciwon gwiwa, ga ciki da kan yi kwana uku bai saki ba, ga maganin rawar da aka ba shi, wani ruwa mai ɗaci a kwalba, yana busar masa da baki har sai ya kurɓi ruwa kafin ya amsa gaisuwa. Abin mamaki, muryar nan da ba ka ji sai ka matso, in ya kabbarta salla sai ta dawo garau, har ɗakin girki nake jin Fatiharsa.

A kan wannan duka sai aka ce yana da hawan jini. Ba mu taɓa jin kalmar ba. Iya da ta ji an ce jini ya yi yawa, ba ta ɓata lokaci ba ta aika a kira wanzami ya zo da ƙahonsa, sai da malamin asibiti ya yi ta roƙo kafin ta haƙura, kuma har ta rasu ba ta yarda an yi daidai ba. Aka hana shi gishiri, na koma ɗora tukunyar miya biyu. Aka ba shi wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kullum da safe.

Ni kuwa tun ina yarinya ba na ganin abu in bar shi. Iya takan ce da tambaya noma ce, da na cika rumbun gidan ni kaɗai. To amma surukar gida ba ta tambayar surukinta. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kama sunansa, in na gaishe shi a durƙushe nake, idona a ƙasa. Aikina da shi biyu ne, in share ɗakinsa in ya fita, in kai masa butar alwala. Saboda haka duk abin da na sani game da awon jini, ta wata 'yar kafa a jikin zanan da ya raba tsakar gida da ƙofar ɗakinsa na koye shi. Ni na faɗaɗa kafar da tsinke, Allah ya yafe mini.

Malamin asibitin nan a hannun Baba ya yi karatun allo, don haka tun daga zaure yake tuɓe takalmi. Yakan tarar da Baba a kwance a gadonsa na kara, don hantsi lokacin hutunsa ne. Baba zai yunƙura ya tashi, sai malamin ya yi maza ya ce, “A'a, Baba, kwanta abinka, kada ka wahalar da kanka.” Ya durƙusa ya ce, “Yaya ƙarfin jikin?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Ba inda ke damunka?”

“Sai godiya.”

Sai ya naɗa masa wani baƙin ƙyalle a dantse, ya sa wasu igiyoyin roba a kunne, ya yi ta matsa wata 'yar roba mai kamar ƙwan agwagwa. Zaibar ta yi ta hawa cikin kwalbar, ni ma numfashina yana hawa tare da ita. Ya saki iskar a hankali yana saurare, ya girgiza kai ya ce, “Har yanzu yana sama, Baba.” Kowace Talata haka, ba abin da ke sauyawa.

Amma akwai abin da ni nake gani wanda akwatin ba ya gani. Da azahar, bayan Baba ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa, nakan kai masa buta. Rannan ya tashi da hanzarinsa irin na mai gudun makara, ya yi taku uku, sai ya tsaya. Leɓunansa suka yi fari kamar an shafa toka. Idonsa a buɗe amma ba ya ganin komai. Ya kai hannu ya dafa jikin rumbu, ya sulale ƙasa a hankali. Na saki butar, na rasa ko ihu zan yi ko in taɓa shi, mutumin da ko inuwarsa ba na takawa. Kafin in yanke shawara sai ga jini ya dawo masa fuska. Ya dube ni, karo na farko ke nan da muka haɗa ido.

Ya ce, “'Yar nan, me kika gani?”

Na ce, “Ban ga komai ba, Baba.”

Ya ce, “To madalla. Abin da ba ki gani ba, ki bar shi a nan.”

Na gane nufinsa sarai. Dama tun da hannun ya fara rawa wasu suke ƙus-ƙus a bakin masallaci, cewa ko ya kamata ƙanensa ya riƙa shiga gaba. Rawar hannu ba ta hana limanci. Amma liman da ke iya zubewa a tsakiyar raka'a, wannan ko masu ƙaunarsa ba za su bar shi a gaba ba.

Na riƙe bakina, amma kaina ya ƙi yin shiru. Ta yaya za a ce mutum jininsa ya yi yawa, ni kuma in gan shi kamar wanda aka tsiyaye? Ko dai akwatin ƙarya yake yi, ko idona. Na shiga lura. In Baba ya daɗe a kwance, wata jijiya a gefen goshinsa takan kumbura tana harbawa, ya riƙa dafe ƙeya, idonsa ya yi ja. In ya miƙe kuwa, jijiyar sai ta ɓace. Abin ya fi tsanani bayan ya ci tuwo ya ƙoshi, da ranar da aka yi zafi, da ranar da ya ƙi shan ruwa don gudun yawan zagawa. Da la'asar sakaliya kuma, in ya wuni a zaune a zaure, lafiya lau yake tashi. Har kaina na yi gwaji, in tsuguna a bakin murhu in daɗe, sa'an nan in zabura in miƙe, in ji duhu ya ɗan gilma mini. Iya ta kama ni ina yi, ta tambaye ni ko iska ce ta taɓa ni.

Wata rana ina ɗauraye gora sai na tsaya ina kallonta. In na kwantar da ita, ruwan ya taho wuya har ya nemi zubowa. In na tsayar da ita, ya koma gindi, wuyan ya zama fanko. Na kwantar, na tsayar, ya fi sau goma. Na ce a raina, to ai Baba ke nan. Kuma malamin asibiti bai taɓa ganin gorar a tsaye ba, don ladabi ba ya barinsa ya ta da malaminsa.

Da mijina ya dawo na ɗan gwada masa zancen a kaikaice, ban ambaci faɗuwar ba. Na ce shin awon nan, in mutum yana tsaye da in yana kwance duk ɗaya ne? Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce Bature ya ƙera abu, malami ya je Kano ya koyo, sai 'yar Danchuwa ce za ta gyara musu? Na ji haushi ƙwarai, amma na haɗiye.

Sai na koma dabara. In lokacin alwala ya yi, nakan yi sallama a ƙofar ɗakin tukuna, in ji ya tashi zaune a bakin gado, sa'an nan in tafi ɗebo ruwan. In yi ta jan ƙafa, in wanke butar da ba ta yi datti ba, in tsaya gyaran ɗankwali. Kafin in iso ya daɗe a zaune, in ya miƙe sai jirin ya zo da sauƙi ko ma ya ƙi zuwa. Na kuma naɗe wata tsohuwar tabarma na cusa a ƙarƙashin shimfiɗarsa ta wajen kai. Iya ta sa ni gaba da faɗa, wai ba ta taɓa ganin mace mai nawa irina ba, liman guda yana jiran buta. Rannan tana cikin yi sai muka ji muryar Baba daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa, yana cewa, “Ƙyale ta. Ni ban ce ta makara ba.” Daɗin da na ji a ranar, ko sabon zane aka ba ni sai haka.

Da an bar mu a haka, da wataƙila mun daɗe muna lallaɓawa. Amma akwatin ya ci gaba da cewa jini yana sama, sai malamin asibiti ya mai da ƙwayar biyu. Ga bazara ta shigo, zafin Potiskum kuwa ba sai an ba wa kowa labari ba. Cikin mako biyu Baba ya canza. Rawar hannun ta ƙaru har shayi yana zuba masa a riga, takun ya ƙara ƙanƙancewa, kuma dabarata ta daina isa. Ya faɗi sau biyu a tsakar gida. A na biyun goshinsa ya sami bakin turmi ya fashe, ya gaya wa mutane wai ƙofar ɗaki ce ya bige. Ni na wanke jinin daga turmin kafin kowa ya gani.

Abin da ya fi tsorata ni a masallaci ya faru. Bangon ɗakin girkina da na masallacin ɗaya ne, ina jin komai. Ana sallar azahar, suka gama zaman tahiya za su miƙe raka'a ta uku, na ji kabbara, sai shiru. Ita azahar dama a ɓoye ake karatunta, amma na san tsawon tsayuwar Baba kamar yadda na san tsawon tafasar tukunyata. Wannan tsayuwar ta wuce ƙa'ida. Wani ya yi gyaran murya. Na tsaya da muciya a hannu ina jiran in ji ƙarar faɗuwa. Can sai kabbarar ruku'u ta zo, siririya kamar daga rijiya. Daga baya na ji ana yaba masa, wai yau Malam ya tsawaita.

Talatar da ta biyo, mijina yana gida. Ƙanen Baba da wasu dattawan masallaci biyu sun shigo duba goshin, suna zaune a tabarma a ƙofar ɗakin. Malamin asibiti ya zo, aka yi yadda aka saba. Kwanta abinka, Baba. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Zaiba ta hau. Ya yi tsaki a hankali ya ce, “Baba, jinin nan ya ƙi jin magana. Daga gobe sai mu mai da ƙwayar uku.”

Ina bayan zana. Na tuna turmin. Na san in biyu ta kai shi ƙasa, uku kabari za ta kai shi. Na kuma san su wa ke zaune a tabarmar nan, da abin da zai biyo baya in na buɗe baki. Ba zan ce na auna na zaɓa ba. Ji kawai na yi muryata ta fita, da Hausata ta 'yar ƙauye da ake yi wa dariya a gidan.

“Malam, don Allah a auna shi a tsaye.”

Ƙanen Baba ya ce, “Wace ce wannan?” Mijina ya taso zai zagayo, na ji takunsa, na san ranar sai ta Allah. Amma malamin asibiti ya ɗaga masa hannu. Ashe shi ma irina ne, in tambaya ta shiga kansa ba ta fita. Ya juyo wajen zanan ya ce, “Me ya sa kika ce haka?”

Na ce, “In ya miƙe jinin gudu yake yi. Faɗuwa yake. Ba ƙofa ba ce ta fasa masa goshi.”

Malamin ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ka yi mini afuwa, ko za ka daure ka tashi?” Baba yana iya ƙi, ba mai tilasta shi a gidansa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sa'an nan ya sauko da ƙafafunsa ya miƙe, ƙyallen yana naɗe a dantsensa. Malamin ya matsa robar ya saurara. Ya sake matsawa. Ya ɗan bubbuga kwalbar da farce, yana zaton akwatin ne ya lalace, don inda zaibar ta tsaya bai kai ko kusa da na ɗazu ba. Yana cikin awo na uku leɓunan Baba suka yi fari, gwiwoyinsa suka saki. Mijina ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa, a gaban ƙanensa da dattawan nan biyu.

Bayan kwana uku aka ɗauke shi a amalanke zuwa wajen likita Bature. Mijina ya ce sai da likitan ya auna shi a kwance, a zaune, a tsaye, ya sake, yana ta rubutu. Ya ce masu rawar jiki sukan yi haka, jininsu ba ya zama wuri ɗaya, kuma farar ƙwayar nan ita kanta tana ƙara rawar. Aka rage ta ta koma rabi, aka mai da shanta yamma. Aka ce a ɗaga kan gadonsa da tubali biyu, kada ya kwanta shame-shame da rana, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi, in zai tashi kuma ya zauna tukuna ya motsa ƙafafu. Rabin abin da likitan ya faɗa dama ina yi a ɓoye. Mijina bai ce mini na yi daidai ba, amma ya daina dariyar.

Jinin bai taɓa daidaita ba, kada in yi ƙarya. Har ƙarshen ransa yana hawa yana sauka, sai dai mun san lokutansa kamar yadda ake sanin halin maƙwabci. Malamin asibiti ya koma awo biyu kowace Talata, har yakan kira ni in tsaya a bakin zana in faɗi abin da na gani cikin mako. Faɗuwa ta ragu ƙwarai. Baba ya ƙara shekara shida a duniya, yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

Amma dattawan sun riga sun ga abin da suka gani. Sun yi kara, sun bari sai da mako ya zagayo, sa'an nan suka shigo bayan la'asar su biyar. Suka yi ta yabonsa, suka ce ya yi musu hidima shekara da shekaru, yanzu lokacin hutawa ne, ƙanensa ya riƙa taimaka masa. Na ji ɗaya yana cewa ai in jiki ya yi ƙarfi sai ya koma. Kowa a wurin ya san ba komawa. Baba ya saurare su har suka gama, ya ce, “To.”

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. In na gaishe shi yakan amsa kamar kullum, fuskar nan tasa kuwa ba ta nuna komai, don haka har yau ban san ko ya yafe mini ba.

A yammacin ranar da dattawan suka zo ina tankaɗe, Iya ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce, “Ke kina tsammani ke kaɗai ce mai ido a gidan nan? Tun kafin ki gani na gani. Shekara arba'in ina tare da mutumin nan, na san abin da zai zaɓa in an tambaye shi, shi ya sa na yi shiru.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta ta shiga ɗaki, ta bar ni da rariya a hannu.

Aka kira magariba. Na ji an ta da iƙama, na ji wata murya ta kabbarta, ta ƙanen Baba, mai kauri, mai sauri. Ya karanta Fatiha har ƙarshe, sahu ya amsa. A cikin masu cewa amin na tsinci muryar Baba, ta ɗan makara a bayan ta sauran. Na ajiye rariyar na yi kuka sosai, tuwon ranar ma Iya ce ta tuƙa.